Gulbin Kaba: wa ke duba lafiyar madatsun ruwa kafin damina?

A gundumomin Tasawa da Mayahi ba a cika tuna datsin ruwa ba sai ranar da aka yi bikin buɗe shi, ko kuma ranar da ya ɓalle. Shekarun da ke tsakanin waɗannan ranaku biyu, waɗanda a cikinsu gini ke tsufa a hankali, su ne ba su da mai kula.

Idan ba a manta ba, ranar Juma'a 30 ga watan Agusta na 2024 an tafka ruwa a birnin Maraɗi wanda ya kai milimita 150, mutum 15 suka rasa rayukansu. Kwana 11 bayan haka, ranar 10 ga Satumba, madatsar Alau da ke kusa da Maiduguri, wadda aka gina a shekarun 1980, ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, dubban ɗaruruwan mutane suka wayi gari ba matsuguni. Da aka yi lissafin daminar baki ɗaya a Nijar, hukuma ta bayyana mutuwar kusan mutum 400, waɗanda ambaliya ta shafa kuwa sun haura miliyon ɗaya da rabi, kuma jihar Maraɗi ce ta fi kowace yawan mamata. Har komawar ƴan makaranta sai da aka ɗage zuwa 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka rushe.

Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gabashin jihar Maraɗi ba shi da madatsa mai girman ta Alau, amma yana da ƙananan shingaye da datsuna warwatse cikin kwaruruwa, sa'an nan yana zaune a ƙarƙashin madatsun da ke ƙetaren iyaka. Duka biyun sun cancanci a dube su da idon basira.

Wanda ya tsaya a cikin Gulbin Kaba wajen Mayahi da rani zai yi wuya ya yarda cewa a cikin kogi yake. Abin da zai gani shi ne kwari mai faɗi, rairayi, da goriba iyakar ganinsa. Daga ganyen goribar nan, wato kaba, gulbin ya samo sunansa, kuma da ita dubban gidaje ke saƙa tabarmi da igiyoyi da faya-fayai da ake kaiwa kasuwanni har Najeriya. Asalin ruwansa daga ƙasar Katsina yake: kogin Tagwai shi ne ke shigowa Nijar da sunan El Fadama, ya haɗu da koramar Mai Faru, kwarin ya miƙa arewa ta ƙasashen Gazawa da Tasawa, ya karkata yamma ta Kanambakashe da Mayahi, ya zarce wajen Gidan Rumji kafin ya koma Najeriya. A kudu ne kawai yake gudu kamar kogi, shi ma na ƴan makonni. Can arewa ya daɗe da zama mataccen gulbi, ruwansa yana ƙarƙashin ƙasa, sai a rijiya ake iske shi.

Wannan shirun nasa shi ke yaudarar mutane. Tun da an yi shekaru ba a ga ruwa ya bi wani wuri ba, sai a share shi a yi gona, bayan gona a kafa bukka, bayan bukka a yi soro, daga nan a yanka filaye a sayar. Tarihin birnin Maraɗi kansa ya isa gargaɗi. Tsohon garin a cikin fadamar Gulbin Maraɗi yake, har zuwa 1945 da ambaliya ta cinye shi, Turawan mulkin mallaka suka mai da shi bisa tudu inda yake a yau. Mutanen garin Tasawa su ma sun san yadda tabkunan da ke cikin gari kan cika su tumbatsa zuwa cikin unguwanni in damina ta yi albarka.

Iri biyu na gini ake nufi in an ce datsi a wannan yanki, kuma ya kamata a bambanta su domin ciwonsu ba ɗaya ba ne. Akwai ƙaramin baraji, wato tudun ƙasa da aka daddaɓe aka tare bakin kwari da shi domin ruwa ya taru a bayansa ya zama tabki, a shayar da dabbobi a yi noman rani. Akwai kuma shingen baza ruwa, wanda gajeren gini ne na dutse da siminti, ko na gabiyon, wato kejin waya cike da duwatsu, da fikafikai biyu dogaye hagu da dama. Shi ba ya riƙe ruwa. Aikinsa ya karya ƙarfin korama, ya baza ruwan bisa fadama, ya ba ƙasa lokacin sha, domin rijiyoyin lambu su ɗago. Dukkansu suna rage wa garuruwan da ke ƙasa kaifin ambaliya, muddin suna da lafiya.

An fara mai da hankali ga irin waɗannan ayyuka bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta ƙaddamar da noman rani a faɗin ƙasa. Daga 2001 shirin musamman na shugaba Tandja Mamadou ya gina ƙananan madatsu da shingaye a jihohi daban-daban, daga bisani kuma shirin 3N da furojojin asusun FIDA, musamman ProDAF da ya soma a 2015 a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram, suka ɗora. Ma'ana, na farkon cikinsu sun doshi shekara 40, na zamanin Tandja sun haura 20.

Abin da ya sa tsufan nan ya zama abin damuwa shi ne ruwan da aka gina su dominsa ba shi ne ruwan yanzu ba. Injiniya, kafin ya zana datsi, yakan ƙiyasta mafi girman ruwan da kwarin zai iya kawowa, ya yi wa mafitar rarar ruwa faɗi daidai da haka. Shekaru da yawa ana yin wannan ƙiyasi bisa ƙa'idojin da masu binciken hukumar ORSTOM ta Faransa suka fitar tun 1965. To amma ƙasa ta sake. Bayan fare-faren 1973 da 1984 itatuwa sun mutu, an nome dazuzzuka, wurare da dama sun zama fako wanda ruwa ba ya ratsawa, har masana suka lura da wani abin mamaki: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke kwarara cikin koramu ya ƙaru. Sama ma ta sake hali. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadarurruka masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel daga 1982. Yankin da jimillar daminarsa ba ta cika wuce milimita 500 ba yana iya samun kashi ɗaya cikin uku nata a dare guda.

Ɗan kasuwa ya fi gane magana in an sa ta cikin lissafi. Milimita ɗaya ta ruwan sama bisa fili mai kilomita ɗaya tsawo da faɗi daidai take da mita kubik 1.000, kuma kowace mita kubik tano biyar ce. A ɗauka kwari yana tara ruwan fili mai murabba'in kilomita 50, aka yi ruwan milimita 100. Abin da ya sauka ya kai tano miliyon 25. Ko da ƙasa ta shanye kashi uku cikin huɗu, saura fiye da tano miliyon 6 ne za su taho kan datsin cikin ƴan awoyi. In tabkin da ke bayansa ya riga ya cika da rairayi, ba inda ruwan zai sauka ya huta.

Rairayin nan shi ne ciwon da ba ya jin magani. Kowace damina korama na zuwa da yashi da laka daga gonakin jigawa, tana ajiye su inda ruwa ya tsaya. A hankali cikin tabkin yana tasowa, har a wayi gari datsin da aka gina don ya riƙe ruwa yana riƙe ƙasa. Ba sai an je nesa neman misali ba. A jihar Tawa, madatsun Mozage da Zango da ke kan Maggiya, waɗanda ke shayar da gandun noman Ƙonni, da kuma ta Ibohaman a ƙasar Keita, duk sun yi asarar wani kaso na cikinsu ta wannan hanya, alhali su suna ƙarƙashin kulawar ONAHA, hukumar da aka kafa tun 1978 domin wannan aiki. Ina ga ƙaramin datsin ƙauye da ba shi cikin kundin kowa? Yashe tabki da katafila yana cin kuɗi mai yawa, wani lokaci har ya yi kusa da kuɗin sabon gini. Abin da ya fi araha shi ne a tare ƙasar tun daga sama, da jerin duwatsu da ramukan rabin wata, da kuma barin itatuwan da suka tsiro da kansu a gona. A nan mutanen jihar Maraɗi ba su bukatar malami, domin sassaben zamani daga wurinsu ya bazu tun shekarun 1980, har ƙauyen Dan Saga na ƙasar Agiye ya zama wurin da baƙi ke zuwa koyo.

Tudun ƙasa kuwa ta hanya biyu yake mutuwa. Ta farko, ruwa ya haura kansa. Datsin ƙasa bai iya jure wannan ko na awa guda: ruwan na gangarowa ta baya yana yankan ƙasa, ƙaramar kafa ta zama ƙofa, ƙofa ta zama gulbi. Shi ya sa duk wurin da saman tudun ya lotsa, ko don shanu sun mai da shi hanyar zuwa mashaya, ko don amalanke na bi ta kai kullum, nan ne ajalinsa yake. Shi ya sa kuma toshe mafitar rarar ruwa da buhunan ƙasa, kamar yadda masu lambu kan yi a wasu wurare don tabki ya ƙara cika, ganganci ne da rayukan mutanen da ke kwance a ƙasa.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa. Kowane datsin ƙasa yana ɗan tsatsar ruwa ta gindinsa, wannan ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne launin ruwan. In garau yake fita, kuma bai ƙaruwa, ana iya sa masa ido kawai. In kuwa ya fara fita da laka, to ruwan yana kwasar cikin ginin ne yana fitarwa, yana haƙa rami daga baya zuwa gaba, kuma ranar da ramin ya haɗe da tabki ba wanda zai iya tsai da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: saiwar itacen da aka bari ya girma bisa tudun, wadda ta ruɓe bayan an sare shi, ramin gafiya, shurin gara, tsagar da zafin bazara ya yi wa laka, ramin da masu tubali suka haƙa daf da gindin gini, kowanne ƙofa ce. A nan akwai abin da kan rikita manoma. Shekara da shekaru ana roƙonsu su bar itace ya rayu a gona, ga shi kuma ana cewa a tumɓuke shi tun yana ƙarami in bisa datsi ya fito. Duka biyun gaskiya ne, kuma aikin ma'aikacin jeni rural ne ya zauna ya bayyana dalili.

Shingen baza ruwa shi ba ya fashewa ya ci gari, amma yana lalacewa cikin sauƙi. Ruwan da ke faɗowa ta bayansa yana haƙe gindin ginin har ya rataye a iska ya karye. Ko kuma korama ta sami wuri mai taushi a ƙarshen fiffike ta kewaye shi, a bar gini tsaye a tsakiyar rairayi, ruwa na wucewa can gefe yana yanka sabon kwazazzabo cikin gonakin mutane. Ga kuma hannun ɗan Adam: a warware wayar gabiyon a yi ɗaurin darni da ita, a kwashe duwatsun a kai gindin gini. A ƙasar rairayi irin ta Mayahi, inda dutse sai an ɗauko shi da mota daga nesa, wannan jaraba ba ƙarama ba ce.

Duk abubuwan da aka lissafa, in aka cire yashe tabki, ba wanda ya fi ƙarfin gari. Gatari, shebur, amalanken jaki, ƴan buhunan siminti da birkila guda sun isa, in an yi aikin a kan kari. Matsalar ita ce ba a san mai shi ba. Furoje ya zo da kuɗin waje, ɗan kwangila ya gina, an kafa kwamitin kula, an horar da shi kwana uku, an yanka kirtani an yi hoto. Bayan shekara biyar furoje ya naɗe tabarmarsa. Shugaban kwamiti ya tsufa, ma'aji ya tafi ci-rani, asusun da aka ce kowane mai lambu zai riƙa zuba wani abu ciki ya bushe tun shekara ta biyu. Mai ba da tallafi ya fi son sabon gini da zai ɗora allonsa a kai, kasafin ƙasa kuma bai cika ware wa gyara wani abin kirki ba. Ma'aikacin jeni rural na gunduma, wanda shi ne ya san aikin, sau da yawa ba shi da man da zai zagaya.

Ba dokoki aka rasa ba. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ya kamata su rubuta matsayin kowane wuri kafin a gina komi a kansa, domin fadamar da ba ta da daraja jiya takan sami masu ita da yawa ranar da ruwa ya zauna, ga kuma burtali da mashayar makiyaya da dole a bar musu. Dokar ruwa ta 1 ga Afrilu 2010 ta tanadi sa hannun masu amfani da ruwa cikin kula da shi. Daga zaɓen 2004 ƙananan hukumomi suka sami hurumin ayyukan raya yankunansu, kuma tun da aka rusa majalisunsu a watan Afrilu na 2024 jagorancinsu ya koma hannun wakilan da gwamnati ta naɗa. Ko wane ne ke zaune a ofishin magajin gari, a Korgom ko Hawandawaki, a Kanambakashe ko Sarkin Hausa, tambayar ɗaya ce: shin akwai takarda a aljihun teburinsa mai nuna datsi nawa ne a yankinsa, yaushe aka gina kowanne, wa ya duba shi bara, kuma gida nawa ne ke kwance a ƙarƙashinsa? Rubuta wannan takarda ba ya bukatar kuɗin Bankin Duniya.

Sauran rabin maganar yana ƙetaren iyaka. A kan kogin Tagwai akwai madatsar Ajiwa, wadda aka gina a shekarun 1970 domin shayar da birnin Katsina, yau ta kai kimanin shekara 50. A kan kogin Gada, wanda shi ne Gulbin Maraɗi in ya shigo Nijar, akwai madatsar Jibiya da aka kammala a 1989, mai tsawon mita 3.660, wadda ke iya ɗaukar mita kubik miliyon 142. Shekaru da dama kukan manoman Nijar game da waɗannan madatsu shi ne sun rage ruwan da ke isowa fadamu. Kuka ne mai tushe, amma yana da ɗan'uwa da ba a cika ambata ba: ranar da ruwa ya yi musu yawa, nan zai nufo. A watan Yuli na 2018, lokacin da ruwan dare ɗaya ya kashe mutum fiye da 40 a garin Jibiya, ba madatsar ce ta ɓalle ba, amma duk da haka sai a ƙasar Madarumfa aka tsinci wasu gawarwakin. Mutanen Kano kuwa ba su manta ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 ba.

Ƙasashen biyu sun san da haka tun da daɗewa. Ranar 18 ga Yuli 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kwaruruwa huɗu da suka haɗa su: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai Komadugu Yobe. Yarjejeniyar ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin tara bayanan ruwa da sanar da ɗaya ta hannun hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 kuma mazauninta ke Yamai. Dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har aka rufe iyaka na watanni, amma korama ba ta tsayawa a shingen duwan. Ko ana ga-maciji a sama, bai kamata lambar wayar mai gadin madatsar Ajiwa ta ɓace daga hannun hukumomin Gazawa da Tasawa ba. Labarin farashin wake yana isowa daga kasuwannin Katsina cikin minti biyar. Labarin cikar madatsa bai fi shi nauyi a waya ba.

Ƴan kasuwa na iya ganin wannan magana ta manoma ce da ma'aikata. Su tuna ƙarshen watan Agusta na 2024, sa'ad da ruwa ya yanke babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya a mashigin Yamai, manyan motoci suka yi jerin gwano na kwanaki. Hanyar nan ita ce ta ratsa Tasawa da Gazawa da Agiye, ita ce tankokin man matatar SORAZ ke bi daga Damagaram, kuma a wurare da yawa bisa kwalbatoci take ƙetare koramu. Datsin da ya ɓalle a sama yana iya tafiya da kwalbati a ƙasa. Wake da riɗi da aya da ke jibge a sito na ƙasa a bakin tabki, su ma ruwan dare ɗaya ya ishe su. Attajirin da ke gina masallaci ko ya haƙa rijiya a garinsu, in ya ba kwamitin datsi tan ɗaya na siminti da nadin waya, dukiyarsa ya kare tare da ta jama'a. Gwamnati ma ta rage farashin siminti a watan Oktoba na 2024 saboda masu sake gini bayan ambaliya.

Lokacin aikin sananne ne. Daga watan Maris zuwa Mayu tabkuna sun janye, gindin gini ya bayyana, hannun manoma bai shiga gona ba tukuna. A lokacin ne ake bin tudun da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan, a cike inda ya lotsa, a tone shuri da ramuka a daddaɓe su da laka, a cire itatuwa, a share mafitar ruwa, a ɗinke gabiyon. A ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu ne kuma cibiyar AGRHYMET ta Yamai da ma'aikatar hasashen yanayi ke bayyana yadda suke ganin damina za ta kasance, kuma a 2024 sun faɗi tun da wuri cewa ruwa zai yi yawa. Da damina kuma abin da ake bukata a kowane datsi shi ne sanda mai awo kafe cikin tabki, da jan layi a inda haɗari ke farawa, da mutum ɗaya sananne wanda zai duba ta bayan kowane babban ruwa, ko da tsakar dare ne, yana riƙe da lambar maigarin kowane ƙauye da ke ƙasa.